Kaset ɗin su Shata na ruɓewa, mu kuma muna ta liƙa hoto

Duk watan Yuni abu guda ake maimaitawa. A watan ne Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, a watan ne kuma Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, don haka sai hotunansu su cika Facebook da WhatsApp, kowa na rubuta "Allah ya jiƙan maza". Amin, addu'a ce mai kyau. Abin da ke ɓata mini rai shi ne guntun sautin da ake liƙawa a ƙarƙashin hoton. Daƙiƙa talatin ne, an sare farkon waƙar, an sare ƙarshenta, muryar na gudu fiye da yadda mai ita ya rera, wani mai shagon tura waƙoƙi ya ɗora tallarsa a tsakiya, sau da yawa ma sunan wanda aka yi wa waƙar ba daidai aka rubuta ba. Mutane su yi ta tura shi gaba, ba mai tambayar daga ina ya fito.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Wanda ke son a ci gaba da tunawa da makaɗa da 'yan wasan da suka riga mu gidan gaskiya, aikin da ke gabansa uku ne: a ceto sautin da hoton daga kaset tun kafin su mutu, a rubuta bayanin kowace waƙa daga bakin waɗanda suka halarta tun suna raye, a kuma kai wa magada haƙƙinsu. Taron tunawa, da sa wa titi suna, da lambar yabo, duk za a iya yin su bayan shekara ashirin, ba abin da zai ragu. Waɗannan ukun kuwa lokacinsu ƙurewa yake yi.

Abin da ke mutuwa, da dalilin mutuwarsa

Mafi yawan abin da Hausawa suka rera ko suka yi wasa da shi daga wajajen 1960 zuwa farkon shekarun 2000 a kan zaren maganaɗisu yake. Gidajen rediyo na da nasu manyan faya-fayan zare, jama'a na da kaset ɗin rikoda, gidajen talabijin na da kaset ɗin bidiyo irin su U-matic da Betacam, fina-finan Hausa kuwa da suka fara fitowa kasuwa daga 1990 a kaset ɗin VHS aka sayar da su. Wasannin Samanja da na Kasimu Yero a Kaduna, da fina-finan farko na Rabilu Musa Ibro wanda ya rasu a 2014, duk a irin wannan zaren suke.

Zaren nan leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe da wani irin gam. Sautin a jikin garin yake. Zafi da laima suna lalata gam ɗin, kuma ƙasarmu ta haɗa su duka: ɗakin kwano a watan Afrilu, danshin watan Agusta, sannan ƙurar hunturu ta shiga ta zauna tsakanin naɗin zaren tana kankare shi duk lokacin da aka kunna. Idan gam ya lalace, zaren zai riƙa manne wa kan rikoda yana ƙara, garin na zuba, kuma duk inda garin ya zuba waƙar ta tafi ke nan, babu gwanin da zai dawo da ita. Fumfuna ma na cin sa. Farare-fararen ɗigon nan da ake gani ta tagar kaset ita ce.

Akwai mutuwa ta biyu da mutane ba su cika lura da ita ba, wato ta na'urar da za ta karanta zaren. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, sun yi gargaɗin cewa na'urorin karanta zare da kayan gyaransu na gab da ƙarewa. Masu gyaran rediyon da suka san bel da kan rikoda su ma tsufa suke yi, yaransu sun koma gyaran waya. Za ka iya samun kaset lafiyayye a akwatin mahaifinka amma ka rasa abin da za ka ji shi da shi.

"Ai duk suna nan a intanet"

Wannan ce amsar da aka fi bayarwa, kuma wanda ya san yadda makaɗan baka ke aiki ba zai faɗe ta ba.

Shata ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Amshi na nan yadda yake, amma ɗiyan waƙar, wato baitocinta, na sauyawa gwargwadon wurin da ake wasa, da wanda ya shigo fili, da wanda ya yi kyauta, da wanda ya ɓata masa rai a ranar. Bakandamiyarsa kanta akwai ta a ɗauka daban-daban, kowace da abin da babu a 'yar'uwarta. Haka Ɗanƙwairo, haka Ɗan Anace a fagen dambe, haka Barmani Choge a gidan biki. Saboda haka kaset ɗin da wani ya ɗauka da rikodarsa a bikin wani attajiri a Funtuwa ko a hawan salla a Maradun, mai yiwuwa shi kaɗai ne a duniya. Abin da ke intanet galibi 'yan waƙoƙin nan ne da aka sayar a kasuwa, su ake ta juyawa.

Waɗanda ke can ɗin ma a wane hali suke? An kwafe su daga kwafin kwafi, aka matse su zuwa MP3 mai ƙaramin nauyi don su shiga memorin waya, WhatsApp ya sake matse su, wani ya sauke ya ɗora a YouTube aka ƙara matsewa. Kowace matsewa tana zubar da wani ɓangare na sautin, kuma abin da ke fara tafiya shi ne siraran sautuka: kaifin kalangu, ƙarar ƙarfen da ke kan kuntigi, rarrabewar muryoyin 'yan amshi. Wasu har kiɗan fiyano suke ɗorawa a ƙarƙashin muryar mamaci, wai gyara. Ga shi kuma shafin mutum ɗaya ne. Ranar da aka rufe shi ko mai shi ya rasu da kalmar sirrinsa, komai ya tafi.

Sai fina-finan da aka mayar kan faifan CD. Jama'a sun ɗauka an tsira, alhali faifan da aka buga a kwamfutar shago bai kai kaset ƙarko ba. Rana da ƙarzuwa kan ɓare fatar bayansa, daga nan ba ya sake karantuwa.

Yadda ake kwafar kaset ba tare da an kashe shi ba

Nan ne masu kyakkyawar niyya ke yin ɓarna mafi yawa, don haka zan daɗe a kansa.

Kada a fara da kunnawa. A fara da dubawa. Kaset mai fumfuna a ware shi a leda shi kaɗai, kada ya shiga rikoda, domin zai shafa wa kan na'urar, ita kuma ta shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Sannan a ɓalle ƙananan haƙoran nan biyu da ke saman kaset, waɗanda idan babu su maɓallin ɗauka ba ya dannuwa. Waƙoƙi da yawa sun salwanta ne saboda yatsa ya zame ya danna jan maɓalli.

A leƙa ƙasan kaset, inda zaren ke wucewa. Akwai ɗan soso a kan siririn ƙarfe wanda ke danna zaren a jikin kan rikoda. A tsofaffin kaset gam ɗinsa kan bushe ya faɗi, sai sauti ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Idan ya faɗi, ko kwankon ya fashe, a kwance notinan nan biyar, a ɗauke naɗin zaren a hankali a mayar cikin kwankon wani kaset mai kyau. Zaren da ya tsinke akwai salatif ɗinsa na musamman. Salatif na ofis da jan farce, waɗanda aka saba liƙawa da su a da, gam ɗinsu na narkewa ya manne naɗin da ke kusa.

Kafin a kunna, a tura zaren gaba har ƙarshe, a dawo da shi, don naɗin da ya shekara talatin a manne ya saki. A yi hattara da kaset ɗin C120, mai awa biyu, domin zarensa ya fi na C60 da C90 siranta, shi rikoda ta fi taunewa.

Na'urar ita ma sai an shirya ta. A nemi babbar rikodar gida mai mafitar sauti a baya, a kai wa mai gyara ya sauya bel, domin bel ɗin da ya saki shi ke sa murya ta riƙa rawa. A goge kan da ke karanta zaren, da sandar ƙarfen da ke jan sa, da auduga da sifirit mai ƙarfi, a bari ya bushe, a kuma maimaita bayan kowane kaset idan tsofaffi ne. 'Yan ƙananan na'urorin nan masu araha da ake soka wa filas su juye kaset kai tsaye, a guje su. Gudunsu ba daidai ba ne, kuma MP3 suke fitarwa tun daga farko.

Akwai ɗan noti a gefen kan rikoda da ke karkata shi. Idan karkatarsa ba ta dace da ta na'urar da aka yi ɗaukar da ita ba, sauti zai fito a dushe kamar ana waƙa a cikin bargo. A sa abin sauraro a kunne, a juya notin kaɗan-kaɗan da ƙaramin sukudireba har sai kiɗan ya fito tar. Kowane kaset da nasa saitin. Wannan ɗan aikin na minti biyu ya fi duk wata manhajar gyaran sauti amfani, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Daga mafitar rikoda a ja waya zuwa na'urar shigar da sauti ta kwamfuta. Manhajar Audacity kyauta ce, ta isa. A ɗauka a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, a saita ingancinsa aƙalla 48 kHz da 24 bit, wanda shi ne mafi ƙarancin ma'aunin da ma'adanan sauti ke karɓa. A bar sautin ya tsaya ƙasa da jan layi, domin idan ya fashe a ɗauka ba ya gyaruwa. Awa ɗaya a wannan tsarin tana cin kimanin gigabait ɗaya, kaset ɗin C90 kuwa ɗaya da rabi, ke nan ma'ajin kwamfuta mai terabait ɗaya zai ɗauki kaset sama da 600. A yi aikin da batir ko inbata. Janareta na shigar da gurnani cikin sauti, ɗaukewar wuta kuma na katse aiki a tsakiya.

A ɗauki fuskar kaset gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe, har da surutun jama'a, da kirarin sanƙira, da sanarwar mai gabatarwa. Sau da yawa a nan ne ake jin sunan gari ko na mai biki. Wannan kwafin shi ne uwa, ba a taɓa shi. Duk wani rage hayaniya ko yanka waƙa-waƙa a yi shi a kan kwafi na biyu.

Dalilin gudun muryar da na ambata a farko ma ga shi. Yawancin ɗaukar ƙauye da batir aka yi ta. Idan batir ya yi sanyi, rikoda na jan zare a hankali, sai in an kunna a na'ura mai cikakken gudu waƙar ta yi sauri, murya ta sirance. Ana iya daidaita wannan a kwamfuta, amma a kan kwafi na biyu, kuma a zaunar da dattijon da ya san muryar mawaƙin ya ce ga inda ta yi daidai.

A ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gari dabam. Ko babban ɗakin karatu na Birtaniya, da duk ƙarfinsa, masu kutse sun durƙusar da shi a 2023, balle kwamfutar mutum ɗaya. Kaset ɗin asali kuma kada a yar. A jera shi a tsaye cikin kwalinsa, a ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da lasifika domin maganaɗisun da ke cikinta na goge zare.

Manyan faya-fayan gidan rediyo da faifan garmaho ba aikin gida ba ne. Zaren da ke mannewa ƙwararru kan gasa shi a zafi ƙayyadadde na wasu sa'o'i kafin ya karantu, wani irin zaren kuma, mai warin tsami, gashin kashe shi yake yi. Faifan garmaho mai gudun 78 allurarsa dabam ce, sifirit kuma narkar da shi yake yi. Wanda ke da irin waɗannan ya adana su yadda suke har a sami wanda ya iya.

Sauti ba bayani rabin aiki ne

A ce an ceto waƙar Narambaɗa tsaf. Yaron da aka haifa a Kano a 2005 zai ji ta, ya ji daɗin kotso, amma rabin kalmomin Gobirancin zai wuce shi, habaicin kuma ba zai san da wa ake ba. Waƙar fada cike take da zambo ga 'yan sarkin da suka nemi sarauta suka rasa, ba a kuma kama suna. Mutanen garin Isa na lokacin, inda Narambaɗa ya yi wa sarki waƙa, sun san kowa. Yau saura 'yan tsofaffi ƙalilan.

Don haka kowane kaset na buƙatar takardarsa: sunan makaɗi, sunayen 'yan amshi da masu kiɗa, kayan kiɗan, garin da aka yi wasan, dalilin taron, shekara ko abin da zai nuna ta (zamanin wane sarki, kafin ko bayan canjin kuɗi, shekarar wace yunwa), wanda aka yi wa waƙar, wanda ya ɗauka, da wanda kaset ɗin ke hannunsa. A ɗauki hoton kwalin ciki da waje, domin rubutun biro da ke jiki shaida ne. Inda ba a sani ba a bar gurbin fayau. Cike gurbi da zato shi ya haifar da ƙaryar da ke yawo yanzu.

Wa za a tambaya? Mutane kan ruga wurin babban ɗan mamaci, alhali sau da yawa yana makaranta lokacin da ake yawon kiɗan. Waɗanda suka sani su ne ɗan amshi, da makaɗin da ya riƙe kalangu shekara da shekaru, da sanƙira, da direban da ya kai su ko'ina, da matan gidan. A zauna da kowa shi kaɗai, don idan aka haɗa su ƙaramin zai bi bakin babba. A kunna masa waƙar, a tsayar a kowane ɗan waƙa, a ce wa ake nufi a nan. Idan biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa.

An yi irin wannan aikin, kuma ya nuna yana yiwuwa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗan Hausa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da babban littafin tarihin Shata a 2006, ɗaliban Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun rubuta kundaye masu yawa. Sai dai kundin na kan kanta a jami'a, sautin na akwatin wani a Gusau, ba abin da ya haɗa su.

Kuma duk wannan a kan manyan sunaye ne. Shata ya sami digirin girmamawa daga Jami'ar Ahmadu Bello, ba za a manta da shi ba. Wanda nake jin tsoro a kansa shi ne Sarkin Makaɗan ƙaramin gari, da mai gangar noma da ya san taken kowane manomi a gundumarsa, da zabiyar da ta raka amaren unguwa shekara arba'in, da ɗan kama, da 'yan gambara, da mai shelar da ke zaga gari da dare. Ba wanda ya kai su gidan rediyo. In akwai muryarsu, a kaset ɗaya take, a gidan wanda aka yi wa biki. A bakinsu sunayen unguwanni da rijiyoyi da zuri'o'in garin suke, irin abin da babu shi a kowane littafin tarihi. Mata sun fi shiga wannan haɗarin, domin yawancin wasansu a cikin gida aka yi shi. Barmani Choge da Uwaliya Mai Amada an san su, amma kowane gari na da masu kiɗan ƙwaryarsa.

"Ku bar mamaci ya huta"

Wannan hujjar ta fi sauran nauyi, ba na kuma ɗaukarta da wasa. Akwai masu ganin kiɗa haramun ne, kuma duk lokacin da aka kunna waƙar mamaci ana ƙara masa nauyi ne. Akwai 'yan fim da mawaƙan da suka bar sana'ar kafin rasuwarsu, akwai iyalan da ba sa son a ga mahaifiyarsu tana rawa a fim.

Malamai sun daɗe da saɓani a kan kiɗa, ni kuma ba mai fatawa ba ne. Abin da zan ce shi ne adanawa dabam, yaɗawa dabam. Idan mamaci ya bar wasiyya kada a ƙara sa aikinsa, ko iyalinsa suka ce ba su yarda ba, a mutunta su, kada a ɗora a ko'ina. Amma a kwafa a rufe, a rubuta sharaɗin a jiki. Jikoki na iya zuwa da wani ra'ayin, mai nazarin harshe na iya buƙatar kalmomin ba tare da kiɗan ba. Wanda ya ƙona kaset ya yanke hukunci a madadin duk waɗanda ba a haifa ba.

A lura kuma, halin da ake ciki yanzu shi ya fi cutar da mamatan. Guntun da ya fi yawo shi ne na batsa ko na zagi, domin shi ke jawo 'yan kallo. Waƙoƙin Ɗan Maraya a kan zaman aure da wahalar talaka mai ƙaramar sana'a, ko na Shata a kan noma, ba su ake yankowa ba. An hore mu da ambaton mamatanmu da alheri, kuma hanyar yin hakan ita ce a fito da aikin mutum cikakke, a san shi da dukkan abin da ya faɗa.

Haƙƙin magada

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu. Ke nan waƙoƙin Shata na da kariya har ƙarshen 2069, na Ɗan Maraya har 2085. Shi kuwa sautin da aka ɗauka, kariyarsa shekara 50 ce daga lokacin da aka fara fitar da shi. Wato faifan da ya fito a 1970 kariyar ɗaukarsa ta ƙare, amma ta waƙar da ke cikinsa tana nan. Ta fuskar addini ma, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zartar a 1988 cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Mai shafin da ke karɓar kuɗin talla da muryar mamaci, marayunsa na zaune ba su sani ba, ya san abin da yake ci.

Inda abin ke lalacewa shi ne cikin gida. Makaɗi ya bar mata da 'ya'ya da yawa, wani ɗan ya sayar wa wani ɗan kasuwa "dukkan waƙoƙi" a takarda guda ba da sanin sauran ba, rigima ta tashi, kowa ya janye. Maganinsa magada su wakilta mutum ɗaya ko biyu a rubuce, da shaidu, a buɗe asusu guda, a riƙa raba abin da ya shigo bisa gado. Kada a sayar da haƙƙi ɗungurungum; a ba da izini na shekaru ƙididdigaggu. Kuma a tuna da 'yan amshi. Doka ba lallai ta ambace su ba, amma rabin waƙar muryarsu ce, kuma da yawansu a cikin rashi suka tsufa.

"Aikin gwamnati ne, mu ta abinci muke"

Wani ɓangaren nata ne, babu shakka. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna tun 1962 yake ɗaukar makaɗa. Akwai Rediyon Kano, da Rima a Sakkwato, da gidajen NTA, da Muryar Sahel a Yamai. Ba mai iya shiga ɗakunan ajiyarsu sai da izinin hukuma. A da gidajen watsa labarai a ko'ina, har da BBC, sun riƙa goge tsofaffin shirye-shirye don su sake amfani da zaren saboda tsadarsa, don haka ba wanda zai ce ga abin da ya rage sai an buɗe an ƙirga. Abu na farko da ya kamata a nema daga kowane gidan rediyo da talabijin na gwamnati shi ne jerin abin da ke ɗakin ajiyarsa: lamba, suna, shekara, da halin da zaren ke ciki. Wannan ba ya buƙatar kwangila, ma'aikaci biyu da littafi ne.

Nijar ta yi abin a yaba wajen karrama nata, ga gasar kiɗa da aka sa wa sunan Ɗan Gurmu, ga cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. Duk da haka sunan da ke kan allo ba ya hana zare ruɓewa, kuma waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram irin ceton da na Ɗanƙwairo ke buƙata su ma shi suke buƙata.

Batun yunwa gaskiya ne, amma a duba abin da aikin ke ci: rikoda ɗaya da aka gyara, na'urar shigar da sauti, kwamfutar da ake da ita, ma'aji biyu ko uku, da matashi mai haƙuri. Bai kai abin da ƙungiyar ci gaban gari ke kashewa a taron shekara guda ba, wajen rumfa da kujeru da abincin manyan baƙi. Akwai kuma tallafin waje, kamar shirin ceto ma'adanan da ke cikin haɗari na ɗakin karatun Birtaniya, wanda ke ba da kuɗin irin wannan aikin tun 2004, kuma ana barin kayan asali a ƙasarsu. Kwafi na uku a kai Gidan Arewa a Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko sashen Hausa na jami'a mafi kusa, a karɓi takardar shaidar ajiya.

Tunda ba za a iya yin komai lokaci ɗaya ba, ga yadda nake ganin a jera. A fara da tsofaffin 'yan amshi da zabiyoyin da suka haura saba'in, a ɗauki hirarsu ko da wayar hannu ce, tun kafin a gama haɗa kayan aiki. Sai kaset ɗin biki da na fada waɗanda ba a taɓa sayarwa a kasuwa ba, musamman C120 da waɗanda suka fara ƙara idan an kunna. Waƙoƙin da kamfanoni suka buga dubbai su zo daga ƙarshe, domin akwai kwafinsu a gidaje da yawa.